Garkar Dada

Badaru na gaba yana shata tushen ɗaki da tsinke, uwarsa na biye da shi da tsintsiya tana sharewa. Ya kafa turke a tsakiyar garka, ya ɗaura masa igiya, yana zagayawa a sunkuye. Kafin ya dawo inda ya fara, rabin shatar ta ɓace. Ni kuwa ina tsaye a kan turmina da na kife, na leƙo ta kan katangar da ta raba gidanmu da nasu, dariya na neman kayar da ni.

"Jummai!" in ji Dada, uwar tasa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na san kina nan, warin daddawarki ya riga ki isowa. Gaya wa mutumin nan ya cire turkensa, yana taka mini lalle."

Na ce, "Badaru, ka ji dai."

Ya miƙe, ya sharce gumi da ɗan yatsa. "Na ji, Inna Jummai. Ki ce mata ba lalle nake takawa ba, wurin kwanan mutane nake aunawa."

"Dada, kin ji."

"Ban ji ba. Tsufa ya toshe mini kunne."

Ta ci gaba da shararta, har ta kai gindin turken, ta tsaya tana kallon sama kamar ba ita ba. Badaru ya tumɓuke turkensa, ya naɗe igiya, ya fice yana girgiza kai.

Kada ku ce gaba suke yi. Badaru ɗan fari ne, ita kuwa Dada 'yar Fulanin Sara ce, kunya a jininta take. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Shi ne mutumin nan, shi ne wancan, in ranta ya yi fari kuma shi ne mai ginin nan. Da mijinta na da rai, shi ke kai saƙo tsakaninsu. Da ya rasu aikin ya faɗo kaina, don ni ce ta kusa, kuma Allah ya yi ni da baki. Ban taɓa ƙorafi ba. Wa zai ƙi aikin da ke kawo masa labari har gida?

Abin da suke ja a kai kuwa garkar bayan gidan ce, kuma ba su kaɗai ta shafa ba. Lokacin da aka kawo ni Birnin Kudu ina amarya, rabin cikin ganuwa fili ne. Akwai gonakin gero, akwai ɗorawa da giginya, awaki na kiwo ba mai korarsu. Ina fita ƙofar gida in tsinci kalwar da zan yi daddawa. To sai shekarun mahara suka zo. Su sauko daga duwatsun kudu, su ƙone ƙauye, su kwashe mutane da shanu. Duk wanda ya tsira sai ya nufo ganuwa, daga Wurno, daga ƙauyukan Gwaram, kowa da ɗan uwan da zai sauka wurinsa. Aka sare giginya aka yi azara. Aka sare ɗorawa aka kafa ɗaki a gurbinta. Katanga ta jingina da katanga, lungu ya matse har jaki da kaya ba ya wucewa. Mu mata kuma muka bi tsakar gidajenmu da daɓe, muka zuba makuba, ƙasa ta zama kamar dutse. Nawa daɓen kam, ba yabon kai ba, har kallonsa ake zuwa yi.

Sai bazara ta fara koya mana hankali. Duwatsun garin nan su sha rana tun safe, katangu su sha, daɓe ya sha, da la'asar duk su amayo maka ita a fuska. Iska ba ta da hanyar shiga. Da damina kuwa ruwa ba shi da inda zai nutse. Al'adar unguwarmu, ruwan gidanka ta rariya yake fita ya shiga gidan maƙwabcinka na ƙasa, shi ma ya miƙa gaba, kuma ba a toshe wa maƙwabci rariya ko da ba kwa ga maciji. Haka ruwan unguwa ke gangarowa tun daga gindin dutse, gida bayan gida, har ya iso nawa. Rariyata ita ce ta ƙarshe, kuma cikin garkar Dada take zubarwa.

A nan ruwan ke hutawa. Ya baje cikin rama da yakuwa, ya zagaye gindin tsamiya, ya kwanta, ƙasa ta shanye shi a hankali. Duk unguwar, nan kaɗai ya rage inda ƙafarka za ta taka ƙasa mai taushi. Dada ta dasa lalle a gefen katanga, zogale a bakin rijiya, ga gwanda, ga barkono, ga wata kurna da ta ce tsuntsu ne ya shuka mata. Rijiyar nan ko a tsakiyar bazara guga ba ya dawowa da laka. In rana ta take, matan unguwa sai su sulalo da mazarinsu da audugarsu su baje ƙarƙashin tsamiya. Ba ta taɓa korar kowa ba, sai dai ta ce, "Wadda ta tsinki barkono ta zuba masa ruwa." Wallahi ina son matar nan, ina kuma son garkarta, ban san wanda na fi so a ciki ba.

Amma shi ma Badaru yana da gaskiyarsa, kuma ni ba na ɓoye gaskiya ko ta wa ce. A bazarar nan mahara suka faɗa wa Farin Dutse. Mairama, 'yar ƙanin Dada da ke aure a can, ta iso da ƙafafu a kumbure, da mijinta Manu, da 'ya'yansu, da tsohuwar surukarta da aka goyo a baya. Bayansu kuma ga ƙanin Manu da nasa iyalin. Duk aka jibge su a zaure da rumfar tsakar gida. Badaru magini ne, hannunsa ya san laka. Ya je kududdufi ya kwaɓa ƙasa, ya yi tubali tuli guda, ya shanya su a bakin garka. Saura shata da gini.

Da yamma ya zagayo ƙofar gidanmu ya yi sallama. Na fito da ƙwaryar ruwa, ya ƙi sha.

"Inna Jummai, ke take ji. Damina na tafe. Mutanen nan danginta ne, ba nawa ba. In bar tsohuwar nan ta Manu ruwa ya doke ta a zaure saboda rama da yakuwa?"

Na ce, "In ka gina a nan, ruwan unguwa ina zai je? Ɗakina ne a bakin rariya, Badaru. Shi zai fara jiƙewa ya zauna."

"Zan yi masa hanya ta gefe."

"Ta wane gefen? Gefen ma gini ne."

Na kai wa Dada maganar kamar yadda ya faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba. Tana tsinkar zogale, ta saurara har na gama.

"Ki ce masa ban ce kada a yi wa mutane ɗaki ba. Ga fako can a gindin dutse, ko ƙaya ba ta tsirowa a kai, mai unguwa ma nema yake a kama. Ya gina a can."

Da na mayar masa, har tsalle ya yi. "Fako! Ta san nisan kududdufi da gindin dutse? Tubali a ka, laka a ka, ruwa a ka, duk hawa! Nan kuwa ga rijiya, ga tubali a shanye. Bayana ba na saurayi ba ne yanzu, Inna Jummai."

Wannan ma gaskiya ce.

Washegari da hantsi na ji ana jan abu a ƙasa. Na hau turmi. Me zan gani? Dada ce ke jan gadonta na kara, ta fito da shi daga ɗakinta, ta ratsa tsakar gida, ta nufi garka. Mairama na biye tana roƙo.

"Gwaggo, don Allah ki bari! Me mutane za su ce?"

"Su ce abin da suka ga dama. Ɗauko mini ƙorena da tabarma. Ke da surukarki da yara ku shiga ɗakin, yana da faɗi. Mazan su ci gaba da zama a zaure, ai ba narkewa za su yi ba."

"Ke fa?"

"Ni ga ɗakina." Ta nuna gindin tsamiya.

Kafin azahar ta sa Manu ya kafa mata rumfa, ya kewaye da zana. Kuma a ina? Daidai ramin da turken Badaru ya bari. Na ce, "Kai, Dada, ke dai ba dama!" Ta ce, "Me na yi? Inuwa na bi."

Badaru ya dawo daga aiki ya tarar da uwarsa a rumfa kamar mai gadin gona. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya tsaya nesa, don shi ma ba ya matsa mata, ya juyo wajen katanga.

"Inna Jummai, ki ce mata ta kashe ni. Gobe a kasuwa za a ce Badaru magini, mai yi wa kowa ɗaki, ya fitar da uwarsa waje."

Dada ta ce wa kajinta, "Duk wanda ya faɗi haka a turo mini shi."

Haka aka zauna. Shi bai gina ba, don ba zai ɗaga rumfar uwarsa ba. Ita ba ta koma ɗaki ba. Amma kowa a unguwa ya san yadda abin zai ƙare. Dada ta tsufa, tana tari tun sanyin bara, ran da ta rufe ido garka ta tafi. Matan da ke kaɗi a gindin tsamiya ma sun san haka, shi ya sa suka riƙa zuwa da wuri suna daɗewa.

Ita kuwa ko a jikinta. Na tuna wata la'asar da zafi ya kai inda ya kai, na tsallako na same ta a kishingiɗe. Daga tsakar gidana zuwa nan taki kaɗan ne, amma sai ka ce ka shiga wani gari. Ganye na motsi, kurciya na kuka a kan kurna, ƙasa da sanyinta a tafin ƙafa.

Ta ce, "Kin ji iskar nan? Ta kan garka take saukowa, ta bi ta kan katangarki ta shiga ɗakinki. Kin taɓa yi mini godiya?"

"Iskar ma taki ce?"

"Ta Allah ce. Ni dai na bar mata wurin sauka." Ta yi tari, ta huta. "A Sara, Jummai, in ka fito ɗaki idonka sai ya gaji da tafiya. Da aka kawo ni nan na yi ta kuka, na ce an sa ni a tukunya. Uban mutumin nan ya ce ga bayan gida, yi yadda kike so da shi. Tsamiyar nan da tsayina ɗaya lokacin."

Ruwan farko ya zo da rana tsaka, da iska da ƙara. Indararo suka fara zuba, daɓe ya tara, rariya ta miƙa wa rariya. Kafin ka ce me, tsakar gidana ta zama tafki, ruwa har idon sawu yana neman ƙofar ɗakina. Na tsaya da tsintsiya ina tura shi ina salati. Sai na ji rariyata ta ja shi, zuuu, ya wuce garka. Na hau turmi cikin ruwan don in ga Dada. Iska ta yaye zana ɗaya ta rumfar. Tana zaune a kan gado, ta jiƙe sharkaf, ruwan unguwa duk ya kewaye ta, ita kuwa dariya take yi.

"Jummai, dubi! Dubi yadda take sha!"

Badaru ya shigo a guje da zana a ka. Bai bi ta kan tubalinsa da ke jiƙewa ba, rumfar ya fara rufewa. Sai da ya ɗaure ta tam sannan ya koma ya lulluɓe tubalin da ciyawa. Ruwa ya ɗauke, kafin magariba garka ta shanye komai, sai ƙamshin ƙasa. Ɗakina ko danshi bai yi ba.

Amma ruwan nan shi ya kwantar da ita. Tari ya sauka ƙirji, zazzaɓi ya biyo. Muka dafa mata sassaƙe, muka yi mata turare, Mairama ta yi kuka ta yi roƙo ta koma ɗaki, ta ƙi. Ta ce a ɗaki numfashinta ba ya kai mata. Da ta ga jikin ba na tashi ba ne, sai ta kira ni.

"Akwai aike."

"Faɗi, Dada."

"Ki ce wa mutumin nan, in Allah ya karɓi abinsa, kada a fita da ni bayan ganuwa. A nan nake so. Nan inda gadon yake."

Binne mutum a cikin gida ba baƙon abu ba ne a garin nan, tsofaffin gidaje da yawa suna da kabari a baya, balle a shekarun da fita maƙabarta sai da rakiyar masu kwari da baka. Amma na gane abin da take nufi, na kuma san shi ma zai gane. Na same shi a bakin rijiya yana wanke ƙafa, na faɗa masa.

Ya ajiye guga a hankali. "Wayo ne. Ta san ba mai ɗora gini a kan kabari, ba kuma mai kwana kusa da shi ya sake." Ya dubi wajen rumfar. "Ko a mutuwa sai ta share mini shata, Inna Jummai? Tun ina yaro ban taɓa jin ta ce na yi daidai ba. Ban taɓa jin ta ce mini komai ba ma. Yau da za ta bar mini magana ta ƙarshe, ita ma ta bakin wani, kuma a kan yakuwa!"

Wannan kam ban kai mata ba. Ashe ba sai na kai ba, rijiya da rumfa ba nisa, kuma kunnen Dada ba ya toshewa sai in ta so.

Aka kira Malam Hadi, limamin unguwa, ya zo ya yi mata addu'a. Badaru ya tambaye shi hukunci a gabanta. Malam ya ce, "Ƙasa in mai ita ya rasu ta magada ce. In magaji ya yarda a binne a ciki, ba laifi. In bai yarda ba, maƙabarta na nan, ƙofar ganuwa a buɗe take da rana, kuma ba zunubi a kansa." Ya juya wajenta. "Kin ji, Dada?"

"Na ji, Malam. Ba ni da ja."

Badaru ya miƙe. Ya raka Malam, ya dawo, ya duba ciyawar da ya rufe tubali da ita, ya gyara. Ruwan farko ne kawai aka yi, akwai sauran rana kafin damina ta zauna, magini irinsa zai iya tayar da ɗaki a tsakani. Na ga yana kallon wurin yana aunawa da ido.

Ranar da za ta rasu, da hantsi ne, gari ya yi luf. Ina zaune a gefen gadon ina ba ta kunu da ludayi, ba ta iya haɗiya sosai. Badaru na can bakin garka a tsaye cikin rana, inda ya saba tsayawa. Ta ture ludayin.

Na ce, "Akwai aike?"

"Yau babu. Matsa gefe."

Na matsa. Ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta juya kanta wajensa.

"Badaru."

Wallahi sai da ya waiga bayansa, yana neman wanda ya kira shi. Ni kuwa ludayi ya suɓuce mini.

"Badaru. Zo nan."

Ya taho kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ya durƙusa a bakin rumfa, kansa a ƙasa. Ta ce ya matso, ya matso. Ta ce ya ɗago, ya ɗago. Ta daɗe tana kallonsa, tun daga goshi har gemu.

"Af. Ashe furfura ta fito maka. Yaushe?"

Ya kai hannu ya shafa gemunsa.

"Kamar ubanka sak, har hancin. Ana ta gaya mini, ban duba ba." Ta huta. "Sunan nan kullum ina faɗinsa, a ciki. Ba ka ji ba ne kawai. Katangar da ka yi wa masallaci na je na gani, na shafa ta da hannuna. Ta yi kyau."

Ƙaton mutum, mai 'ya'ya, sai ga shi yana kuka kamar an yaye shi yau. Ni ma ban san lokacin da na fara ba.

Ta ce, "Maganar da na aiko Jummai da ita, na janye. Garka taka ce. Mutanen nan suna da hakki, bayanka ma yana da hakki. Ka kai ni inda ba zai wahalar da kai ba."

"Dada..."

"Shi ke nan. Shigo inuwa ka zauna, ka sha rana da yawa."

Ya shiga ya zauna a ƙasa, ya jingina da gadon. Ta ɗora hannu a kansa. Kafin azahar numfashinta ya fara sarƙewa, na riƙa karanta mata kalmar shahada tana bi da leɓe, har ta daina. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba zan ɓoye muku ba, cikin kukan da nake yi har da haushi. Na ce a raina, haba Dada, kin riƙe abu shekara da shekaru, kin kwana a waje dominsa, ruwa ya doke ki dominsa, sai a ƙarshe ki sake shi da hannunki? Na dubi tsamiya, na dubi rariyata, na ce to, sai wata rana.

Aka ɗauke ta aka kai tsohon ɗakinta. Ni da Mairama da wata tsohuwa muka shiga yi mata wanka. Maza na ƙofar gida, ana jiran masu baka da za su raka masu haƙa zuwa bayan ganuwa. Ina zuba ruwa, Mairama na juya ta. Sai muka ji wani sauti. Dum. Can kuma, dum. Sarar dagi ce a ƙasa mai taushi.

Mairama ta ɗago ta dube ni. Maƙabarta na can bayan ganuwa, ko ganga aka buga a can ba a ji daga nan. Wannan kuwa a bayan ɗakin yake, har ina jinsa a tafin ƙafata.

Muna gamawa na fita ta baya, na tsallaka gidana, na hau turmi. An kwance rumfar, an jingine zana a katanga. Badaru na cikin rami har gwiwa, daidai inda gadon yake, ya tuɓe riga. Manu na miƙa hannu a ba shi dagin, shi kuwa ya ƙi. Malam Hadi na tsaye yana nuna musu gabas. Ba wanda ya kore ni daga kan katanga, ko da yake ba wurin mata ba ne. Ina nan aka yi mata salla a ƙofar gida, aka dawo da ita ciki, aka sa ta, aka jera itace, aka rufe. Da mutane suka watse, Badaru ya yaye ciyawar da ke kan tubalinsa, ya ɗebo 'yan kaɗan, ya jera su kewaye da kabarin.

Bayan sadakar uku na fito da sassafe zan kai daddawa, sai na yi kiciɓis da shi a lungu. Ya ɗora gammo, kwando cike da tubali a kansa, Manu da ƙaninsa na biye da nasu. Sun nufi hawa, wajen gindin dutse. Jijiyoyin wuyansa duk sun tashi.

Na ce, "Sannu, Badaru. Bayan naka fa?"

"Yana nan, Inna Jummai." Ya ɗan tsaya, bai iya juyo da kai ba saboda kaya. "Lallen nan, sau nawa take ba shi ruwa? Ban taɓa lura ba."

"Bar mini lalle, kai dai ji da fako."

Sun rufe ɗakin farko ke nan damina ta zauna. Ran da aka yi ruwa mai yawa, da la'asar ne, na tsaya a tsakar gida ina kallon yadda yake taruwa a kan daɓena, ya juya, ya sami rariya, ya wuce. Da ya tsagaita na hau turmi. Ruwan unguwa duk ya sauko ya baje cikin rama da yakuwa, ya kewaye kabarin, ya kwanta shiru. Tubalin da ke kewaye sun jiƙe, kawunansu sun fara zubewa suna komawa ƙasa. Badaru na tsugune a gindin tsamiya da laka har gwiwa, ruwa na ɗiga masa daga ganye, yana kallon yadda garka ke sha.